Yadda ake buɗe sabon asusu a janal leja na manhajar lissafin ofishin lauyoyi

Shekaranjiya da la'asar wata ƙanwata a sana'a, sabuwar akawu a wata cemba, wato ofishin lauyoyi, nan Kano, ta kira ni muryarta har rawa take, wai oganta ya leƙo ya ce ta buɗe masa "wani layi" a kwamfuta inda zai riƙa ganin abin da suke kashewa a rajistirin kotu, ya ɗauki rigarsa ya fice, ita kuma ta buɗe manhajar ta tarar da jerin sunaye da lambobi sun fi ɗari bata san ta ina zata fara ba. Na ce mata ƙanwata kwantar da hankalinki, danne-dannen bai kai minti biyu ba, abin da ke cin lokaci shine tunanin da zaki yi kafin ki taɓa linzamin. Toh abin da na faɗa mata ne zan baje anan, dan nasan ba ita kaɗai bace.

Bari mu fara daidaita harshe tukunna. Janal leja shine babban littafin lissafin ofis, wanda duk kwabon da ya shigo ko ya fita sai ya kwana a wani shafi nasa. Kowane shafi shine muke cewa asusu ko akawun, kuma ba asusun banki nake nufi ba, shafi ne kawai mai suna da lamba, kamar "kuɗin haya", "man janareta", "albashin ma'aikata". Jerin sunayen shafukan gaba ɗaya shine manhajoji ke rubutawa Chart of Accounts. Mu anan yawancin cembobi QuickBooks ake amfani da shi ko Sage 50 wanda tsofaffin hannu har gobe Peachtree suke ce masa, su kuma manhajojin da aka ƙera musamman dan lauyoyi irinsu Clio da PCLaw da LEAP sun fi yawa a Kanada da Amurka da Ingila da Ostireliya, sai manyan ofisoshi ɗaiɗaiku anan. Zan fi jingina da QuickBooks dan shi nake kai kullum, amma tunanin ɗaya ne a ko'ina.

Abu na farko, kuma shi mutane suka fi tsallakewa: ka tabbatar asusun nan babu shi. Ka buɗe jerin, ka sa ya nuna maka har da waɗanda aka kashe, dan manhaja tana ɓoye su. A QuickBooks na kan kwamfuta Ctrl da A zaka danna jerin ya fito, a ƙasa akwai ɗan akwatin Include inactive, ka saka masa alama. Na taɓa gadar littafin wani ofis na tarar da asusun mai guda huɗu, ɗaya fetur, ɗaya dizal, ɗaya "mai da janareta", ɗaya kuma wanda ya riga ni ya rubuta sunan da kuskuren harafi ya manta ya sake buɗe wani, kowanne da 'yan kuɗi a ciki, in oga ya tambayi nawa muka sha mai a shekara sai na ɗauko kalkuleta. In ka samu tsohon da aka kashe kuma ya dace da buƙatarka, tayar da shi kawai, ba sai ka haifi sabo ba.

Sannan ka tambayi kanka ko ma abin asusu yake buƙata. In oga so yake ya san nawa aka kashe a shari'ar mutum guda, wannan aikin fayil ɗin shari'ar ne, ka buɗe mutumin a matsayin kwastoma ka rataya kashe-kashen a sunansa. Kar ka ce duk shari'a sai ta samu asusun kashe kuɗi nata, wlh kafin shekara biyu jerinka ya zama kasuwar Kurmi, ka shiga ka rasa hanyar fita.

Yanzu ga inda ake yin ta, wato zaɓen nau'in asusu. Duk asusun duniya ɗayan biyar ne. Ko kadara ce, abin da ofis ya mallaka ko yake bin wani. Ko bashi ne, abin da ake bin ofis. Ko jarin masu ofis. Ko kuɗin shiga. Ko kuɗin da aka kashe. Ukun farko suna zama a takardar da ke nuna ƙarfin ofis, wadda ake cewa balans shit, kuma balas ɗinsu yana tsallakawa daga shekara zuwa shekara, biyun ƙarshe kuma su ke haɗa lissafin riba da asara, ƙarshen shekara a share su a fara daga sifili. Kaga kenan in ka sa abu a gidan da ba nasa ba, ribar ofis ce ka taɓa, harajin da za a biya ma ka taɓa.

A shagon kayan masarufi wannan zaɓin ba shi da wahala. A ofishin lauya kuwa akwai tarko, dan kuɗi da yawa suna ratsawa ta hannunmu waɗanda ba namu bane. Wanda muke wa aiki, kilayan dai kamar yadda muke faɗa a ofis, zai turo kuɗin sayen fili, ko kuɗin sulhu, ko a biyo masa bashi ta hannunmu, ko hayar gidajen da ya ba mu kula. Wannan amana ce. Dokokin asusun lauyoyi na 1964 sun ce a ajiye irin kuɗin nan a asusun banki daban wanda kalmar client ta fito a sunansa, ƙa'idojin ɗa'ar aikin lauya na 2023 da suka maye gurbin na 2007 su ma sun hana cakuɗa kuɗin kilayan da na lauya, kuma irin wannan laifin yana kai mutum gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, har a soke sunansa daga rajista. Oga ne zai tsaya a gabansu amma littafin da za a buɗe kai ka rubuta shi.

Ni kaina na taɓa ƙonewa anan shi yasa nake nanatawa. Farkon fara aikina wani Alhaji ya turo miliyan 12 na wani kango da zamu saya masa, ni kuma da rawar kai na buɗe sabon asusu na sa masa suna mai kyau, amma wajen nau'i na zaɓi Income dan a ganina ai kuɗi ne suka shigo. Ƙarshen wata na buga rahoto na kai wa oga ina murmushi, ya duba ya cire tabarau ya sake dubawa ya ce "Malam, yaushe muka yi arziki ban sani ba?" Na ce "Yallaɓai ai kuɗin Alhaji ne." Ya ce "Toh kuɗin Alhaji ne ko namu?" Nan gumi ya karyo min. Allah ya taimake ni ban riga na lissafa harajin VAT a kansu na tura ba, da kashi 7.5 na miliyan 12, dubu 900 kenan, na ɗora wa ofis a kan kuɗin da ko sisi ba namu.

Dan haka kafin ka buɗe komai ka ɗauki biro ka amsa tambaya ɗaya a takarda: kuɗin nan na waye, kuma zasu dawo ko sun tafi kenan? In na kilayan ne muke riƙewa, bashi ne a kanmu, kuma asusu biyu zaka buƙata, zan zo kansu. In namu ne muka fitar a madadin kilayan kuma zai biya mu, irin kuɗin shigar da ƙara, kuɗin kai sammaci, binciken fayil a ma'aikatar ƙasa ko a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuɗin kwafin hukunci, toh wannan kadara ce, bashi ne muke bi, bai zama asarar ofis ba tukunna. In namu ne kuma sun tafi ba dawowa, kamar kuɗin lasisin aiki na shekara da lauyoyi ke biya kafin 31 ga Maris, ko kuɗin hatimin NBA, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, ko sayen littattafan rahoton shari'a, wannan kashe kuɗi ne zalla. Wasu ofisoshin ƙananan abubuwa irinsu fotokwafi da kuɗin mota zuwa kotu suna sa su a kashe kuɗi, in an maido musu su rubuta a kuɗin shiga, wannan ma hanya ce, ka tambayi oditanku, mai binciken littafinku, wacce ya fi so ka tsaya a kanta, kar wata ɗaya ka bi nan wata ka bi can.

Abin da ogan ƙanwata ke so, in ka auna da wannan tambayar, shine na tsakiyar nan. Kuɗin rajistiri da ake fitarwa daga aljihun ofis a jira kilayan ya biya. Da shi zan yi misali.

Sai lamba. Yawancin ofisoshi suna bin tsarin nan da aka saba: dubu ɗaya da wani abu kadarori, dubu biyu basussuka, dubu uku jari, dubu huɗu kuɗin shiga, daga dubu biyar zuwa sama kashe-kashe. Ba doka bace, al'ada ce, dan haka ka duba yadda naku yake ka bi sahu. Ka nemi maƙwabtan sabon asusun ka sa shi a tsakaninsu, in bashin da ake bin kilayan na kuɗin aiki yana 1200, namu sai ya zama 1250, kuma ka riƙa barin tazara, goma-goma ko hamsin-hamsin, saboda gobe wani zai zo yana neman wurin zama. In ka buɗe fom ɗin baka ga gurbin lamba ba, kashe shi aka yi, ka je Edit, Preferences, Accounting, Company Preferences ka kunna Use account numbers. A QuickBooks na intanet kuma cikin saitin ofis ne ƙarƙashin Advanced.

Suna kuma ka sa wanda in ka yi tafiya wanda ya zauna kujerarka zai gane ba sai ya kira ka ba. Dan Allah a guji "sauran abubuwa" da "na oga" da "sabo 2". Asusun "sauran abubuwa" bola ce, duk abin da aka rasa inda za a kai nan ake jefawa, kuma shi odita ke fara tonawa.

Kafin ka danna komai ka ɗauki bakof, wato kwafin ajiya na fayil ɗin lissafin. File, Back Up Company, Create Local Backup, ka ajiye a filash ko wani wuri da ba kan kwamfutar ba. Nasan za a ce dan asusu ɗaya? Eh. Da wutar nan tamu da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ka tabbatar da sunan da ka shiga yana da izinin taɓa jerin asusu, in maɓallin ya yi fari-fari baya dannuwa ba lalacewa manhajar ta yi ba, izini ne baka da shi, ka nemi mai riƙe da babban fasuwod.

Toh yanzu danne-dannen. Kana cikin jerin asusu, ka danna Ctrl da N, ko ka je maɓallin Account a ƙasa ka zaɓi New. Zai fara tambayarka nau'i. Manyan suna gaba, irinsu Income da Expense da Bank, amma namu yana cikin Other Account Types, ka buɗe ka zaɓi Other Current Asset, wato kadarar da ake sa ran ta koma kuɗi cikin shekara. Ka danna Continue. Ka rubuta lamba 1250, ka rubuta suna, misali kuɗin kotu da muka biya wa kilayan, da duk harshen da littafinku ke tafiya da shi. In akwai uban asusu da ya tara irin waɗannan, ka saka alama a Subaccount of ka zaɓe shi, sai dai ka sani ɗa da uba dole nau'insu ya zama ɗaya, manhajar bazata yarda ka rataya kadara a ƙarƙashin kashe kuɗi ba. Gurbin bayani kar ka barshi fayau, layi ɗaya ya isa: me ake sawa a ciki, me ba a sawa. Akwai wani gurbi na layin haraji, wannan na fom ɗin harajin Amurka ne, ka barshi yadda ka ganshi. Save & Close. Shikenan an haifi asusu.

A QuickBooks na intanet alamar saiti zaka danna, Chart of accounts, New, can kuma bayan nau'i akwai ƙaramin nau'i da zaka ƙara zaɓa. A Sage 50 Maintain zaka je sannan Chart of Accounts, ka cika Account ID da bayani da nau'i ka adana. A PCLaw yana ƙarƙashin Options, Lists, G/L Accounts. Suna yawan sauya wa maɓallai wuri in an sabunta, amma abubuwa ukun nan, lamba, suna, nau'i, duk inda ka je su ne.

Akwai maɓalli ɗaya a fom ɗin da nake roƙon ka ɗauke ido daga kansa, na saka balas ɗin farawa. Yana da jan hankali, kaga ai akwai dubu 180 da muka riga muka kashe wa mutane, bari in rubuta anan in huta. In ka rubuta, tunda kowace shigarwa ƙafa biyu gare ta, debit da kiredit, manhajar zata jefa ɗaya ƙafar lissafin a wani asusu mai suna Opening Balance Equity, kuɗin su zauna can ba uwa ba uba, kuma an ninka su, dan dubu 180 ɗin nan suna nan kwance a inda aka fara rubuta su. Hanyar da ta dace ita ce ka buɗe asusun fanko, sannan ka kwaso kuɗin daga inda suke. In a "kuɗin zirga-zirga" aka riƙa zuba su, ko dai ka buɗe kowace shigarwa ka sauya mata asusu, wanda shi na fi so in basu da yawa saboda sunan kilayan da kwanan wata suna biyo ta, ko ka yi jonal guda, wato shigarwar da ke kwashe kuɗi daga wani asusu zuwa wani, debit sabon asusu, kiredit tsohon, layi-layi da sunan kowane kilayan. In kuma abin ya shafi shekarar da aka riga aka rufe odita ya sa hannu, kar ka koma baya ka taɓa, ka yi gyaran da kwanan watan shekarar da ake ciki bayan kun yi magana da shi, kar garin gyaran gira a rasa ido.

Mu dawo kan kuɗin amana, dan shi ya fi komai. In sabon asusun banki na kilayan aka buɗe, a littafi abu biyu zaka buɗe tare kamar tagwaye. Na farko nau'in Bank, da sunan bankin da lambobi huɗun ƙarshe na akawun ɗin da kalmar kilayan ɓaro-ɓaro a sunan, dan kar wata rana cikin sauri ka biya kuɗin wuta daga ciki. Na biyu nau'in Other Current Liability, kuɗin kilayan da ke hannunmu. A na intanet wajen ƙaramin nau'i zaka ga zaɓi mai kalmar Trust a duka biyun, shi zaka ɗauka. A ƙarƙashin na biyun kowane kilayan ya samu ɗan asusunsa, ko kuma duk shigarwa ta ɗauki sunansa, anan kam rarrabewa wajibi ce. Alhaji ya turo miliyan 12, debit bankin kilayan, kiredit ɗan asusun Alhaji. An biya mai kango miliyan 11, debit ɗan asusun Alhaji, kiredit bankin kilayan. Saura miliyan 1, kuma ko oga ya ce ai wannan ladan aikinmu ne, bazai zama kuɗin shiga ba sai an rubuta wa Alhaji bil ya sani, sannan a tura daga bankin kilayan zuwa bankin ofis, a lokacin ne zai shiga asusun kuɗin aiki. Tagwayen nan kullum balas ɗinsu ɗaya ne, ranar da suka bambanta akwai magana. Kuma ɗan asusun mutum ɗaya bai kamata ya taɓa faɗawa ƙasa da sifili ba, in ya faɗa ma'anarsa kuɗin wani aka ɗiba aka biya masa buƙata.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata tagwayen nan shine cajin banki. Kuɗin alat, kuɗin kula da akawun, naira 50 ɗin nan da ake cirewa a kan turin dubu 10 zuwa sama, duk banki zai zare su daga akawun ɗin kilayan bai tambaye ka ba. Mu a wurinmu ofis ne ke ɗaukar nauyinsu, ana ajiye ɗan abin ofis kaɗan a ciki mai layinsa daban dan cajin ya riƙa ci daga nan, in ya kusa ƙarewa a ƙara.

In kuwa manhajarku ta lauyoyi ce ta asali, ka kula, bankin amana ba daga jerin janal leja ake buɗe shi ba. Akwai wurin buɗe asusun banki daban inda zaka ce mata na amana ne, ita zata haɗa shi da lejar kowane fayil. In ka zagaya ka buɗe da hannu zai fito a jeri amma bazai yi magana da fayilolin ba. Haka asusun da manhaja ta keɓe wa kanta, irin na jimillar bashin da ake bin kilayan, kar ka yi musu kishiya kuma kar ka zuba musu jonal kai tsaye.

Wani asusun da nake ganin cembobi da yawa basu da shi shine na harajin da kamfanoni ke cirewa tun daga tushe. A ce ka rubuta bil na miliyan 1, da VAT dubu 75, jimilla miliyan 1 da dubu 75. Kamfanin ya cire kashi 5 na kuɗin aikin, dubu 50, ya turo miliyan 1 da dubu 25. In baka da inda zaka kai dubu 50 ɗin nan, bil ɗin zai zauna yana nuna ana bin kamfanin bashi har abada, oga yana cewa a kira su. Ka buɗe masa asusu, nau'in kadara shima, ka kai su can, ka bi kamfanin ya baka shaidar ya biya hukumar haraji, ranar lissafin harajin ofis a rage. VAT ɗin kuma asusun bashi ne, na gwamnati ne muke riƙewa zuwa 21 ga watan da ke biye, sai dai in kun kunna sashen haraji na manhajar ita ke buɗe nata, kar ka ƙara wani.

In akawun ɗin na dala ne ko fam, sai an kunna tsarin kuɗaɗe da yawa, kuma a QuickBooks in aka kunna shi baya kashuwa, dan haka wannan shawarar ba taka kai kaɗai bace. Ka zaɓi kuɗin daidai tun farko, da zarar shigarwa ɗaya ta hau ba canji.

An buɗe asusu, saura a haɗa shi da aiki, in ba haka ba zai zauna fanko mutane suna ci gaba da zubawa a tsohon wuri. Ka je jerin abubuwan da kuke sawa a bil, Item List, ka nemi na kuɗin kotu ka juya shi ya riƙa zuwa 1250, ta yadda in aka biya rajistiri asusun ya hau, in aka sa wa kilayan a bil ya sauka. In ka sauya zai tambaye ka ko ya gyara har da tsoffin shigarwa, ka karanta da kyau kafin ka ce eh, dan zai iya komawa ya taɓa shekarun baya. Ka duba shigarwar da aka haddace masu maimaita kansu duk wata, su ma suna riƙe da tsohon asusu. In kuna amfani da Clio haɗe da QuickBooks ko Xero, ka shiga saitin haɗin ka nuna masa sabon. Sannan ka tashi da ƙafarka ka je ka faɗa wa sakatariya da yaron da ke zuwa kotu da bauca, cewa daga yau duk rasit ɗin rajistiri a rubuta sunan kilayan da lambar ƙara a bayansa, dan rasit ba suna baka san wa zaka bi ba.

Sai gwaji. Ka ɗauki rasit ɗaya na gaske, ko na dubu 5 ne, ka shigar, ka buɗe balans shit ka gani ya fito cikin kadarori? Ka buɗe riba da asara ka tabbatar babu shi a can. Ka buɗe tirayal balans, jerin balas ɗin duk asusun, ka ga debit da kiredit sun yi kunnen doki. In ya ɓulla inda bai kamata ba yanzu ne gyara ke da sauƙi, ka danna masa dama ka zaɓi Edit Account ka sauya nau'i. Wasu nau'ukan basa sauyuwa, musamman waɗanda manhajar ta buɗe da kanta, kuma mai 'ya'ya a ƙarƙashinsa sai ka cire su tukunna. In kana da rahoton da ka tsara da kanka ka zaɓi asusu ɗai-ɗai, ka tuna sabon bazai shiga da kansa ba, sai ka ƙara shi, wannan ya taɓa sa na yi kwana biyu ina neman dubu 40 da ba inda suka je.

In ka gane ashe kuskure ka yi gaba ɗaya, asusun da ba a taɓa shigar da komai ba yana goguwa. Wanda aka yi amfani da shi kuwa QuickBooks na kan kwamfuta bazai bari ka goge ba, sai dai ka kwashe abin ciki ya koma sifili sannan ka kashe shi da Make Account Inactive. Akwai dabarar haɗe biyu, ka sauya wa ɗaya suna zuwa sunan ɗayan sak, ya tambaye ka ko a haɗe su, amma in ka amsa an gama, ba a warwarewa, sai dai ka koma bakof, kuma ni ban taɓa yarda a yi wannan da asusun amana ba ko da wasa.

Ƙarshen wata na farko ka sa wa sabon asusun ido fiye da sauran. Na kuɗin kotu, ka fitar da shi da sunayen kilayan ka ga wa aka sa wa a bil wa aka manta, wanda ya daɗe ba alamar biya ka kai wa oga ya yanke ko a bi ko a yafe a mayar da shi kashe kuɗi. Na amana kuma abu uku zaka jera a tebur: sitetimen banki bayan ka cire cakin da bai fita ba, balas ɗin bankin kilayan a littafi, da jimillar 'yan asusun kowa da kowa. Ukun su zo lamba ɗaya har kwabo. Ka buga, ka sa hannu da kwanan wata, ka kai wa oga shima ya sa, ka saka a fayil tare da 'yar takardar da ka rubuta ranar da ka buɗe asusun, lambarsa, dalilinsa da wanda ya ba da umarni.

Ita dai ƙanwata ta buɗe nata 1250 a daren, da safe ta sake kira wai ta tono rasit 23 a durowa, bakwai daga ciki ba sunan kowa a baya, tana jiran yaron kotu ya dawo su zauna da kundin ƙararraki su bi kwanan wata ɗaya bayan ɗaya.